Injiniya da Bugu na Takwas

Sunan Injiniya ba wanda ya raɗa masa, shi ya ba kansa, ya kuma rubuta a ƙofar ɗakinsa da jan fenti. Ɗakin nan bango ɗaya ne da shagona, tagarsa kuma tana kallon ƙofata, don haka abin da zan ba ku ba labarin ji ba ne. Da idona na gani, wani ma a haƙarƙarina na ji shi. Ni tela ne, shekara talatin da 'yan kai ina taka keken ɗinki, har bayana ya fara kai ƙarata.

A ɗakin akwai kwamfuta mai tsagaggen gilashi, da sifika biyu, da wani ɗan allo mai maɓallai masu walƙiya, sai kwalayen ƙwai da ya manne bango da su, wai su tsare sauti. Ban ga abin da suka taɓa tsarewa ba in ban da kyankyasai. Nan yake haɗa kiɗan zamani, wanda ba makaɗi ba ganga, sai danne-danne da gyaɗa kai.

"Baba Tela," ya kan ce mini, "ni in na haɗa kiɗa, ko kujera ce sai ta motsa ƙafa. Armashi da kaimi, su ne sana'ata."

"To ga tawa nan, shekara biyu tana jin ka, ko gezau ba ta yi ba."

"Taka ta tsufa ne."

Yayarsa kuwa mutuniyar kirki ce, ma'aikaciyar gashin ƙashi. Mu Malama muke ce mata. Ita ta tara mu, tsofaffi goma sha bakwai masu ciwon gwiwa da baya, tana sa mu motsa jiki da safe a filin ajiye motocin da ke bayan gininmu. Maza gefe, mata gefe. Wurin nan ba daɗi. Bakwai da rabi masu motoci sun fara mana hon, in ruwa ya sauko kuwa kowa ya kama gabansa. Wata uku Malama tana zarya wurin Manajan zauren wasanni na bakin titi, kafin ya ce ta kawo tsofaffinta ranar Asabar ƙarfe tara ya gani da idonsa. In abin ya yi tsari, ya ba ta zauren safiya uku a mako. In shirme ne, ya bar wa 'yan ɗaga ƙarfe, da ma suna nema.

Kiɗan da muke bi a wayarta yake, ita ta ɗauka a kicin ɗinta. Gindin bokiti ne da cokali, sai muryarta tana ƙirga ɗaya zuwa takwas. A ciki ana jin famfo na ɗiga da jaririn maƙwabta yana tsala ihu. Dokarsa biyu ce rak. A na takwas ake juyawa, in kuma ta hura usur, kowa ya koma inda ya fito. Muryar waya ba za ta cika zaure ba, shi ya sa ranar Litinin ta leƙo ɗakin ƙanen nata, ni ina bakin ƙofa ina warware zare.

"Auta, ga wannan. Ka cire mini kukan jaririn nan, ka ƙara masa murya. Shi ke nan."

"Yaya, a wurin aiki Injiniya ake cewa."

"Na ji. Auta, ka cire kukan, ka ƙara murya. Kada ka taɓa komai."

"Ki kwantar da hankalinki. Ranar Asabar Manajan nan da kansa zai miƙa miki makulli yana rawa."

Tana fita ya kira ni in ga abin kunya. A gilashin kwamfutar an ja layuka a tsaye kamar ƙarafan taga, kowane bugu yana zaune kan layinsa, ban da na takwas. Shi kullum sai ya ɗan makara, ya faɗo bayan layi.

"Ka gani? Duk na takwas a makare! Hannun mutum ke nan. Shekara nawa kuna bin kuskure ba ku sani ba."

Na ce, "Mu dai ba mu taɓa jin ya dame mu ba."

"Ai ba kunnen sana'a gare ku ba."

Ya danna wani maɓalli, nan take duk bugun suka yi sahu cif a kan layi. Da ya kunna, sai na ji abin ya koma kamar agogon bango. Daidai ne ƙwarai, amma ba ya kiran ƙafa. Shi ma na ga fuskarsa ta ɗan canza, sai ya ce ai tukuna, yanzu ne za a zuba armashi.

Abin da ban sani ba sai daga baya, ashe ni ya mayar ma'auninsa. Daga tagarsa ba ya hango komai nawa sai ƙafafuna a ƙarƙashin keke. Ya yanke wa kansa hukunci cewa duk kiɗan da ya motsa ƙafar tsoho mai taurin kai irina, to ya isa. Ranar Talata kuwa yanka nake yi a tebur, ƙafata ba ta da aikin yi. Ya leƙo, ya ga shiru, ya ce da sauran aiki. Sai ya ƙara bes, wannan gurnanin da ba a kunne ake jin sa ba, a ƙirji.

Gwangwanin alluraina ya fara tafiya da kansa a kan tebur, ina kallo har ya kai baki ya kife. Ban gama tsince su ba sai ga Mai Kemis, wanda shagonsa ke ɗaya gefen, ya fito riƙe da kwalba biyu.

"Kai Injiniya! Fito ka ga aikinka! Magungunan tari sun sauko daga kanta suna bin juna!"

Injiniya ya leƙo fuska fal murna. "Da kansu suka motsa?"

"Da kansu mana!"

"Baba Tela, ka ji ko? Kwalba ma ke nan. Ina ga mutum mai jini a jika?"

"Mai jini a jika zai zo ya same ka yanzun nan in ba ka rage ba," in ji Mai Kemis.

Ranar Laraba ya fito farautar sauti, da makirfo ɗaure a sandar tsintsiya. Ya ɗauki ƙarar almakashina, ya ɗauki kukan ƙyauren gini, ya bi wata mata mai takalmi ƙwas-ƙwas har sai da ta juyo ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Da yamma ya tsaya bakin filin ƙwallo ya ɗauko usur ɗin alkalin wasa. Wannan usur ya yi masa daɗi ƙwarai, ya barbaɗa shi ko'ina a cikin kiɗan kamar mai zuba gishiri da ido rufe. Ni kuma tun ranar na samo auduga wurin Mai Kemis na toshe kunnuwana, shi ma ya toshe nasa, muka koma gaisawa da hannu.

Ranar Alhamis ya zare mini auduga ɗaya don ya bayyana mini babbar dabararsa.

"A tsakiya zan ɗauke komai. Tsit! Daƙiƙa shida. Zuciya ta rataya, kowa ya riƙe numfashi. Sannan in sako shi gaba ɗaya, dam! Nan ne za ka ga tsofaffi sun manta da sandunansu."

"Yaro, mutanen nan fa akwai mai shekara tamanin."

"Ranar zai koma talatin."

Na karɓe audugata na mayar.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar Juma'a aka kawo mini labulen wani ofis guda goma sha biyu, ana so kafin la'asar. Labule kuwa ɗinki ne miƙaƙƙe, ba kwana ba tsayawa. Na sunkuya na hau taka keke ba ji ba gani. Injiniya ya leƙo ta taga, ya ga ƙafar da ta yi kwana uku tana masa taurin kai tana sama tana ƙasa. Ya ƙara saurin kiɗa. Ni kuma na dubi agogo na ƙara wuta. Ya sake ƙarawa, na sake dubar agogo. Kiɗan Malama bugu casa'in ne a minti. Kafin in gama labule na ƙarshe, ni da shi mun kai shi ɗari da hamsin, ni ban ma san ana yi da ni ba.

Ya faɗo shagona yana haki, ya rungume ni.

"Baba Tela, ka tona wa kanka asiri! Na ga ƙafar!"

Ban ji me ya ce ba saboda auduga. Na ga dai yaro yana murna, sai na ɗaga masa babban yatsa. Wannan yatsa har yau ina jin haushinsa.

Da yamma Malama ta biyo ta ji aiki. Ya kunna mata farkon, inda ya bar shi a hankali, don ya tsara saurin ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan yadda ba za a farga ba. Ta karkata kai tana saurare.

"Kukan ya fita. Amma kamar wani abu ya ɓace."

"Datti ne ya ɓace, Yaya. Kunnenki ya saba da shi ne."

"Ina nawa na asali? Na goge na wayata, ka ce ta cika."

"Yana nan cikin wannan. Na ɗora sabon a kansa."

Ta dube shi, ta dubi agogo, tana da mara lafiya yana jiran ta. Ta ce Allah ya sa alheri, ta fita.

Asabar tun takwas da rabi muka hallara, kowa cikin wankakkun kaya. Zauren ya yi kyau, ƙasa sumul, fanka na juyawa, ga benci a jikin bango. Manaja, wani gajere mai tumbi da ba ya dariya, ya zauna da kofin shayi da takarda. 'Yan ɗaga ƙarfe biyar sun jingina a ƙofa sun harɗe hannuwa, suna kallon mu kamar kayan da aka ajiye musu a hanya. Injiniya ya iso da baƙin tabarau da aron sifika biyu, kowace ta kai ƙugun mutum. Ya miƙa wa Manaja hannu.

"Injiniya. Ni na haɗa sautin. Ka ajiye shayin nan, ranka ya daɗe, don zai zube."

Manaja ya dubi hannun, ya kurɓi shayinsa.

A layin gaba akwai tsohuwar Nas, mai baki kamar reza. Kusa da ni kuma Baba Direba ne, mai shekara tamanin ɗin nan, wanda ba ya ji sai da na'urar kunne. Yana ganin girman sifikun ya sa hannu ya kashe na'urarsa, ya yi mini murmushi.

Malama ta ɗaga hannu, kiɗa ya tashi. Ɗaya, biyu, uku, lafiya lau. Muka kai takwas muka fara juyawa, kafin gwiwa ta gama shawara kiɗa ya riga ya koma ɗaya ya bar mu a hanya. Sai a lokacin na gane amfanin makarar nan. Ashe jiran mu bokitin yake yi. Muka yi tuntuɓe muka kamo shi da ƙyar.

"Wa ke koran mu ne?" in ji Nas.

Sai usur. Muka juya baya, yadda aka koya mana. Taku biyu, wani usur, muka sake juyowa. Malama tana tsaye, nata usur yana rataye a wuya ba ta taɓa shi ba, ta buɗe baki. Fiit! Fiit-fiit! Rabinmu suka yi gabas, rabi suka yi yamma, layin maza ya shige na mata. Na tsinci kaina gaba da gaba da Nas.

"Malam Tela, ina za ka?"

"Wallahi ban sani ba, Hajiya!"

"To matsa, ni ma can za ni!"

Sauri kuma yana ta hawa. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma abin da ba shi da suna. Wani takalmi ya tashi sama ya sauka gaban 'yan ɗaga ƙarfe. Almakashina na ji yana ƙyas-ƙyas a cikin sifika, ƙyauren gininmu yana kuka, bes yana kaɗa gilasan taga. Malama tana ta ɗaga hannu tana kiran "Auta! Auta, kashe!" Shi kuwa ya rufe ido, hannu ɗaya a sama, yana tsammanin kirari take masa.

Sai tsit.

Muka ce alhamdu lillahi, an gama. Kowa ya lallaɓa ya nufi benci. Nas ta fara kwance ɗankwali tana fifita. Manaja ya ɗaga kofinsa zai kai baki. Ni na san abin da ke tafe, na buɗe baki in yi gargaɗi, amma numfashina bai dawo ba. Mazaunai suna dab da taɓa benci abin ya sauko.

Dam!

Tsofaffi goma sha shida suka miƙe tsaye a tare, abin da Malama ta yi shekara biyu tana nema ba ta samu ba. Sanduna suka zube. Shayin Manaja ya bar kofi ya koma gaban rigarsa. Ɗaya daga cikin ƙartin nan na bakin ƙofa, mai wuya kamar turmi, ya yi tsalle ya fice waje. Sifikar hagu ta yi tari sau biyu, ta saki hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba. Manaja ya tashi da kansa ya fizge waya daga soket.

Injiniya ya cire tabarau yana haki. "Kun gani? Ba wanda ya zauna!"

Manaja yana goge riga, ya ce, "Malama, ina jin mun ga abin da za mu gani."

Na dubi Malama, idanunta sun kawo ruwa. Wata uku na zarya, da shekara biyu na tashin asuba saboda gwiwoyin da ba nata ba, duk sun tafi a minti huɗu. Raina ya ɓaci, har da kaina nake jin haushi, ni da yatsana.

Ana cikin haka sai muka ji wani ɗan sauti, sharaf, sharaf, sharaf. Baba Direba ne. Yana can inda aka ajiye shi tun farko, idonsa a ƙasa, yana ta takunsa yadda ya saba a filin motoci. Bai ji usur ba, bai ji dam ba. Ya kai takwas, ya ɗan dakata, ya juya abinsa cikin natsuwa, ya ci gaba.

Malama ta tsaya kallon ƙafafunsa. Sai ta goge ido, ta taka zuwa lungu ta ɗauko bokitin mai shara ta kife, ta dawo gaban Manaja.

"Ranka ya daɗe, ara mini cokalin shayin nan. Minti biyar."

Ina jin mamaki ne ya sa ya miƙa mata. Ta tsuguna ta ɗauki bugun daga ƙafar Baba Direba. Dum, ƙwas, dum, ƙwas. "Ɗaya, biyu..." Nas ta ɗaura ɗankwali ta shiga da takalmi ɗaya. Na bi bayanta, sauran ma suka biyo. A na takwas cokalin ya ɗan rataya a sama, ya jira mu, muka juya gaba ɗaya kamar ƙofa ɗaya, sannan ya sauko. Wallahi daɗin saukowar nan har cikin bayana na ji shi. Zagaye na uku 'yan ɗaga ƙarfe sun fara tafi. Zagaye na biyar na saci kallon ƙarƙashin tebur, na ga takalmin Manaja yana sama yana ƙasa, kuma shi ba keken ɗinki gare shi ba.

Injiniya bai ga ta zama ba. Ya shigo layi wai zai nuna mana yadda ake yi, yana tafi da ƙarfi. Duk na takwas sai ya riga kowa, tafinsa ya faɗo shi kaɗai a fili, ya juya shi kaɗai ya yi karo da na bayansa. Sau uku yana taka Nas.

"Ɗan nan," ta ce, "wai kai ne mai haɗa kiɗan?"

"Ni ne, Mama. Ku ne kuke makara, ni a kan layi nake."

"To sauka daga layin, ka hau kan ƙafata ne."

Da aka gama Manaja ya karɓi cokalinsa, ya dube shi kamar bai taɓa ganin cokali ba. Ya ce Litinin, Laraba da Asabar, bakwai zuwa tara. Mata suka rungume Malama, ita kuma tana dariya tana hawaye. Injiniya ya matso yana gyara wuyan riga.

"Ka ga dabarar ko, ranka ya daɗe? Da gangan na fara gigita su, don in na asalin ya zo a san darajarsa. Mu a sana'a..."

"Sharaɗi biyu," in ji Manaja, ko kallon sa bai yi ba. "Na ɗaya, kada wata waya ta wannan yaron ta sake shiga soket ɗina. Na biyu, ki sa shi a aji. Duk zauren nan shi kaɗai na gani da ke buƙatar taimako."

Yanzu wata biyu ke nan. Duk Litinin, Laraba da Asabar za ka same shi a layin baya da baƙin tabarau, yana gaya wa sababbin zuwa cewa bincike yake yi. Malama ta haɗa shi da Baba Direba, ta ce ya riƙa kallon ƙafarsa. Shekaranjiya, a karo na farko, ya juya tare da mu a na takwas. Nas ta tsayar da aji aka yi masa tafi, sannan ta leƙa kunnensa ta kwashe da dariya.

Audugata ce a ciki.